Zaren Awo

Tun da na yi wayo har na kai shekara goma sha biyu, ban taɓa sa rigar da ta yi mini daidai ba. Dogo ne ni, siriri, irin tsawon da ya riga shekaru tafiya. Yaran unguwarmu, Sabonjida a Tamale, sandar waya suke kirana, saboda sandunan da aka kakkafa a bakin hanyar Kumasi, ni kuwa ban taɓa musa musu ba, don ko ni idan na ga inuwata da hantsi haushinta nake ji. Mma ta ce tsawon na dangin ubanta ne, mutanen da ban taɓa gani ba. Babana kuwa gajere ne kakkaura, haka dai ake gaya mini, domin ban fi shekara biyar ba ya tafi Kumasi harkar goro. Abin da na riƙe nasa bai wuce jan haƙoransa da faɗin tafin hannunsa a kaina ba.

Ɗaki guda muke haya, ni da Mma, a gidan wata tsohuwa 'yar Dagomba. A cikin 'ya'yan da Mma ta haifa ni kaɗai na rayu. Da safe tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, da rana ta zauna kaɗin auduga a bakin ɗaki, mazarinta na juyawa, ni ina gefe ina kallo. Ba mu cika magana ba. Ita ba mai surutu ba ce, ni kuma ba ni da labarin da zan kawo mata daga waje.

Wanda bai yi tsawo yana yaro ba bai san kaɗaicin da ke ciki ba. Idan na shiga ƙwallon tsumma da sa'o'ina, sai wani dattijo mai wucewa ya daka mini tsawa, wai ƙato da ni ina cin zalin ƙananan yara, alhali rabinsu sun girme ni. Idan na matsa wajen samarin da muke kai ɗaya, su kore ni, su ce in koma in sha nono. A makaranta ticha ya mayar da ni bencin ƙarshe, ni kaɗai, don kaina yana tare wa mutane allo. Daga can nake kallon kowa ta baya. Na san ƙeyoyin 'yan ajinmu fiye da yadda na san fuskokinsu.

Sai kuma bala'in sutura. A kantin wani Kwara, Balarabe, da ke kusa da babbar kasuwa, kayan yara da shekaru ake sayar da su. Mma ta faɗi shekaruna, mai kantin ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dube ta kamar ya kama ta da ƙarya, sannan ya ɗauko wandon kaki. Wanda ya kama ƙuguna bai rufe cinyata ba, wanda ya kai gwiwa kuwa sai na riƙe shi da hannu biyu. Muka koma wajen masu gwanjo, masu kwancen Turawa. A nan akwai tsawo, amma mutum uku irina za su shiga riga ɗaya su zauna hira. Telan unguwarmu, mai keke a gindin mangwaro, shi ya fi kowa ƙoƙari. Sai dai duk abin da ya ɗinka, kafin wata uku idon sawuna ya leƙo. Yakan ce wa Mma ta rage mini koko, hala shi ke miƙar da ni, sannan ya ƙara mini ƙyalle a ƙafar wando, kowane launi ya samu a ƙarƙashin kekensa. Akwai wandon da na yi da shi har ya tara launi huɗu. Wanda ya duba ƙafata zai iya faɗin waɗanda suka yi ɗinki a unguwar a shekarar nan.

Kayan Sallah kuwa ba na telan mangwaro ba ne. Wannan hakkin Baba ne, kuma Mma ba ta yarda kowa ya shiga ciki ba. Kowace Sallah ƙunshi na zuwa daga Kumasi, atamfa tata, taguwa da wando nawa, da ɗan goro a ganye. Sai da na girma na gane nauyin ƙunshin nan. Matan gidan suna sa ido a kansa. Muddin yana zuwa, Mma matar aure ce da mijinta ya yi tafiya. Ranar da ya daina zuwa, sunanta zai canja a bakinsu. Ni kuma shi kaɗai ne shaidata cewa akwai wani mutum a hayin kogi da ya san ina duniya.

Da zare ake aika awo. Idan Sallah ta ƙarato, sai Mma ta murɗa zaren da ta kaɗa da hannunta har ya yi kauri, ta tsayar da ni a tsakar gida. Ta yi ɗage ta ɗora bakinsa a kafaɗata, ta sake shi har ƙwaurina, ta ƙulla. Daga ƙullin nan ta zagaya ƙirjina, ta sake ƙullawa, ta yanke da haƙori. Zare ɗaya ke nan mai yanki biyu, dogon na tsawo, guntun na faɗi. Sai ta naɗe shi a ɗan kara, ta kai wa maƙwabcinmu direban lori, wani ɗan Dagomba mai kai doya da man kaɗanya Kumasi. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Mma, yaro naka ya kara tsawo kuma? Wata rana zare naka zai kai Kumasi da kanshi, ba sai na dauka ba."

Shi ma direban ba ganin Baba yake ba. Baba yana cikin ƙauyukan kurmi yana sayen goro. Sai dai a bar masa saƙo wajen mai masaukinsa a zango, wani zuwan a tarar da ƙunshi yana jira.

Abin da ke dawowa kuwa, Allah Ya sani, ba nawa ba ne. Yadi mai kyau, ɗinki mai kyau, har da ɗan aiki a wuya. Amma taguwar da ya kamata ta sauka ƙwauri, a ƙuguna take tsayawa, faɗinta kuwa kamar buhun gero da aka huda wa wuya. Hannunta ya tsaya a gwiwar hannuna. Wandon ya sauko ƙasan gwiwa kaɗan ya ce ya gaji, zariyarsa kuma sai ta zagaye ni sau biyu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kowace Sallah haka.

Mma ta ce telan Kumasi ne ɓarawon yadi. Ta riƙa ƙara ɗan tsawo a zaren don ta biya masa abin da zai sata, amma abin bai canja ba. Wata rana na ce mata ta aika a gaya wa Baba mana. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Mutum ya aiko maka kaya daga nesa, ka mayar mishi da ƙorafi? Kai ba ka da kunya koraa, ko kaɗan. In ya ji haushi ya bari fa?"

Saboda haka kowane zuwa saƙo ɗaya direba ke ɗauka: an gode, Allah Ya ƙara buɗi, riga ta yi daidai.

Ranar Sallah da safe dole in sa ta yadda ta zo, in zaga ɗakunan gidan in gaida kowa, don a ga Baba ya aiko. Matan su yi ta sa albarka suna danne dariya, tsohuwa mai gidan kuwa ba ta iya dannewa ba, har sai ta share hawaye da bakin zane. Idi ni kaɗai nake zuwa. In bi bayan mazan gidan da 'ya'yansu, in tsaya a ƙarshen sahu, ina jan rigar ƙasa duk sanda aka yi ruku'u. Bayan Sallah telan mangwaro ya rage faɗin ya dasa shi a ƙasa, rigar ta ɗan sauko, da layin ɗinki a tsakiyar ciki.

Na tsani rigunan nan, kuma ba abin da nake jira a shekara kamar zuwansu. Nakan shinshina su a ɓoye ko zan ji ƙanshinsa, sai in ji na sabon yadi da na man lori. Abin da ya fi cina a rai shi ne yaron da aka ɗinka wa su. Idan Mma ta shimfiɗa taguwar a kan tabarma, ina ganinsa sarai: gajere, mai kumatu, mai faɗin kafaɗa, irin wanda ake fara zaɓa a wasan ƙwallo. Baba yana da ɗa a ransa, yana saya masa yadi, yana zaɓa masa aikin wuya, kuma ɗan nan ba ni ba ne. Ni aro kawai nake yi. Wani lokaci har kishinsa nake ji, wannan yaron da babu shi.

Shekarar da ƙasa ta samu 'yancin kai, aka yi ta koya mana maci a makaranta. Ticha ya jera mu, ya zo kaina ya rasa inda zai sa ni. A gaba na ɓata layi, a tsakiya na fi ɓata shi, a baya kuma an ce kamar malami ne ya sa gajeren wando. Ga kakina mai ƙari a ƙafa, launinsa bai zo ɗaya da na saman ba. Ƙarshe dai aka ba ni gadin tulun ruwan sha a gindin bishiya. Daga can na kalli macin ta saman kawunan mutane, da 'yar tutar takarda a hannuna. Gari ya ɗauka, kowa na ihun firidom. Ni ma na yi nawa, a hankali, kusa da tulu.

Ba a daɗe da bikin ba azumi ya kama, cikin zafin bazara irin na Tamale. Ana saura 'yan kwanaki Sallah direba ya kawo ƙunshi, ya kuma kawo abin da bai taɓa kawowa ba.

"Mma, maigida naka ya ce yana zuwa. Lori na Alhamis."

Mma tana riƙe da ludayi. Ta nemi wuri ta zauna a ƙasa, ludayin na hannunta, ta ce alhamdulillahi. Kafin Alhamis ta sake daɓen ɗakinmu, ta wanke abin da yake wankakke, ta yi kitso. Ranar kuwa ta ce ita ba za ta tsaya a tasha cikin maza ba, ga girkin shan ruwa, ni zan je in taro shi. Ta buɗe adaka ta ɗauko sabuwar taguwar, shuɗiya mai farin aiki a wuya, wadda telan mangwaro bai riga ya taɓa ba.

"Mma, cikin gari fa zan bi. Tasha fa zan je."

"Shekara nawa bai gan ka ba? Da mi zai gane ka? Rigarshi zai gane. Sa."

Ta fi ni gaskiya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na sa. Na fito daga Sabonjida cibiyata na neman leƙowa, iska na shiga ta gefe ɗaya tana fita ta ɗayan. Yara suka bi ni suna cewa sandar waya ta sa rigar ƙaninta. Ban waiwaya ba.

A tasha tutocin biki suna nan a rataye, rana ta fara cinye launinsu. Aka ce jirgin fiton Yeji ya yi jinkiri, sai haƙuri. Na jingina da bango na yi ta jira, bakina a bushe, don shekarar nan na fara cikakken azumi, tunda kowa ya ce ƙato kamata ba shi da uzuri. Ina ta maimaita gaisuwar da zan yi masa. Tsawona dai ya yi mini rana sau ɗaya, domin tun lorin na nesa na hango shi kafin kowa, mutane a kan kaya sun yi jajur da ƙasar hanya.

Wani gajeren mutum kakkaura ya sauko da jakar fata a kafaɗa. Ya yi wa yaron mota magana, na ga jan haƙoransa. Nan take na gane shi. Ya tsaya yana dube-dube, amma ƙasa yake duba, daidai ƙirjinsa, wajen ƙananan yaran da ke rububin ɗaukar kaya. Idonsa ya bi ta kan cikina ya wuce. Ya sake dawowa ya wuce. A na uku ya tsaya a kan rigar. Ya tako har gabana, ya kama bakinta ya murza yadin, ya ɗaga kai ya dubi aikin wuyan. Na ga fuskarsa ta canja.

"Kai, samari. Wa ya ba ka rigar ɗana?"

Duk gaisuwar da na tanada ta gudu. Na sha zagi a kan tsawon nan, na sha dariya, amma ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar tambayar nan. Ban iya cewa ni ne ba. Abin da jikina ya sani kawai ya yi: na durƙusa, yadda ɗa ke durƙusa wa uba. Da na durƙusa sai fuskata ta sauko daidai inda yake ta nema tun ɗazu.

"Baba, sannu da zuwa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kaina, faɗinsa na nan yadda na riƙe shi. Ya ce, "Ikon Allah." Ya ce in tashi, na tashi, ya bi ni da ido har sai da hularsa ta nemi faɗuwa. Na ɗauki kayansa, yana gaba ina baya har gida, yana amsa gaisuwar mutane, bini-bini ya waiwayo ya dube ni.

Washegari da hantsi ya zauna a kan tabarma a bakin ɗaki, ya buɗe jakarsa ya ɗauko wani gwangwanin taba. Cike yake da 'yan karare, kowanne da zarensa. Duk awon da Mma ta taɓa aikawa yana ciki, bai yar da ko ɗaya ba. Ya warware na ƙarshen, ya kama dogon yankin ya ninka shi biyu, ya ɗaga wa Mma.

"Ke, ba haka ba ne? Daga gaba, ta kan kafaɗa, zuwa baya. Ai haka ake aiko awon taguwa, tela ya ninka."

Ashe tun zaren farko abin ya karkace. Taguwa da yadi ɗaya ake yanka ta, a ninka shi a kafaɗa a fitar da wuya, don haka da yawa sukan auna gaba da baya a haɗe. Da Baba ya ga tsawon zaren, ya ce ba yadda za a yi yaro ɗan shekara shida ya kai haka, lalle gaba da baya ne, a ninka. Da ya ga guntun yankin kuma, ya ce wannan ai ba zai zagaye ɗan mutum ba, faɗin gaba ne kawai daga gefe zuwa gefe, a yanka baya ma kamarsa. Tela bai ga abin musu ba. Haka aka yi ta raba tsawona biyu ana ninka faɗina, shekara da shekaru, ana fitar da yaro mai kama da Baba sak.

Mma ta matso. Ta karɓi zaren ta warware ninkin, ta yi ɗage ta ɗora a kafaɗata, ya sauka har ƙwauri. Ta zagaya ƙirjina da guntun, ƙulli ya haɗu da ƙulli.

Baba ya dubi zaren, ya dubi gwangwanin. Ya ce, "Kuma kullum ki aiko mini ta yi daidai."

"To mi zan ce?"

Tsohuwa mai gida tana bakin ɗakinta tana ta ƙyaƙyatawa, ko da yake rabin maganar kawai ta ji. Mu uku ba wanda ya yi dariya. Baba ya miƙe, ya ce in tsaya sosai. Ya jawo turmin Mma ya kife shi, ya tattare rigarsa ya hau, sannan ya kai kafaɗata. Da taƙi ya auna ni, babban yatsa da na tsakiya, yana tafiya da su a jikina yana motsa leɓe. Ya bi kafaɗa zuwa wuyan hannu. Ya sauko daga turmin ya bi gefena har ƙwauri. Ya zagaya ƙirjina, ya ji haƙarƙarina, ya yi tsaki a hankali ya ce wa Mma yaron nan yana cin abinci kuwa. Mma ta miƙo masa zare don ya ƙulla, ya ce ba sai an ƙulla ba, ya riƙe awon a hannunsa. Ban da hannunsa a tasha, rabona da wani namiji ya taɓa ni ba don ya ture ni ba, na manta. Ranar ce kaɗai a rayuwata na so a ce na fi haka tsawo, don kada ya gama da wuri.

Ranar Idi ya zura mini wata babbar rigarsa. Iyakarta gwiwata, amma ban ja ta ƙasa ko sau ɗaya ba. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa a tsakiyar sahu, ko in ce kafaɗarsa da gwiwar hannuna. Bayan an sallame mutane suka yi ta zuwa gaishe shi, wani ya nuna ni ya ce wannan zanƙalelen fa? Baba ya ce, "Nawa ne." Na yi ta juya kalmar nan a raina har muka iso gida.

Bai fi mako guda da 'yan kwanaki ba ya ce harka na jiransa. Ba a gaya wa yaro dalilin da ya sa uba ba zai zauna ba, ko dalilin da ya sa ba zai tafi da iyalinsa ba, ni ma ban tambaya ba, har yau kuma ban sani ba. Na kai masa kaya tasha. Ya ce in Allah Ya so da Babbar Sallah yana nan tafe, zai ga yadda sabuwar rigar ta zauna. Na tsaya ina hangen lorin ta saman kawuna har ya sha kwana.

Damina ta sauka, Babbar Sallah ta ƙarato, kuma karo na farko Mma ba ta murɗa zare ba. Direba ya kawo ƙunshi, ya yi barkwancinsa ya tafi, bai ambaci lorin kowace rana ba. Fara ce taguwar. Na zura ta a tsakar gida. Ta sauka har ƙwauri. Hannunta ya tsaya daidai wuyan hannuna, ƙirjin ya zauna, wandon ya rufe idon sawu. Na taka zuwa bakin zaure na dawo, na sake takawa. Matan gidan suka fito, wata ta rangaɗa guɗa, tsohuwa ta ce ashe yaron kyakkyawa ne, riguna ne suka cuce shi. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Wannan tawa ce, da hannunsa ya auna, ba ta wancan yaron ba.

Sai dai ina jin bakin rigar da nauyi, yana bugun ƙwaurina idan na taka. Mma ta lura. Ta ce in matso, ta durƙusa ta juya bakin ta ciki. Kalmasar taguwa ba ta wuce faɗin yatsa. Wannan kuwa an ninka yadi an sake ninkawa, an kuma ninkawa, ya fi taƙi guda a ɓoye. Ta duba hannu, haka. Ta duba ƙafar wando, haka.

Na ce, "Kin gani, Mma? Baba ya yi dabara. In na ƙara tsawo sai a saki."

"Eh," in ji ta. "Ya yi dabara paa, ƙwarai." Ta shafa kalmasar da tafin hannu, ta gwada ta da yatsunta. "Wannan zai kai ka shekara uku."

Ta miƙe ta koma wajen murhu, ta zauna tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ni ban fahimta ba a lokacin, ina ta murnata. Sai a filin Idi, ina ƙarshen sahu ni kaɗai cikin rigar da ba mai abin cewa a kanta, abin ya faɗo mini. Wanda ke da niyyar dawowa bana ba ya bar wa ɗansa kalmasar shekara uku.

Ƙunshi bai daina zuwa ba. Atamfar Mma, goro, wani lokaci hula tawa, ba a kuma nemi zare ba. Kowace Sallah Mma ta zauna da reza ta farke ninki ɗaya, ta aro dutsen guga wajen telan mangwaro ta danne, amma layin tsohuwar kalmasar ba ya ɓacewa. Ni kuwa na yi nawa lissafin irin na yara: idan kalmasar ta ƙare, awon da ya riƙe a hannunsa ya tashi aiki, dole ya zo ya sake hawa turmi. Ni da na yi shekaru ina rage tsawo da ranƙwafawa, sai ga ni ina lilo a reshen mangwaro don in miƙe, ina shan koko har in ƙware. Allah kuwa Ya karɓa, kalmasar ba ta kai shekara ukun ba.

Ranar da Mma ta farke ninkin ƙarshe, rigar ta tsaya ƙasan gwiwa kaɗan, babu sauran abin saki. Ta dube ta, ta ninke ta sa a adaka. Washegari na dawo daga makaranta na tarar tana murɗa zare a cinyarta. Ta ce in ajiye jaka in tsaya a tsakar gida. Ta yi ɗage, ba ta kai ba. Ta jawo turmin ta kife shi ta hau.

Na ce, "Mma, ki bari ya zo ya auna da kanshi."

Hannunta ya tsaya a kafaɗata na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "Tsaya daidai, ka bar motsi."

Ta ba ni bakin zaren ta ce in danne shi a ƙwaurina ta gaba. Ta ja shi sama ta kan kafaɗata, ta sauko daga turmin ta kai shi ƙwaurina ta baya, gaba da baya a haɗe, yadda Baba ke karantawa. Ta ƙulla, ta yanke da haƙori, ta ce in duba ko direba yana gida.